Hoton Kyalla a Kasuwar Gure

Ɗan Talata ya jingina hoto na biyar da bangon rumfar masu igiya, ya ja da baya yana ɗingishi, ya karkatar da kai yana dubawa. Kafin ya gama dubawar iska ta kifar da na farko. Ya koma ya tashe shi, ya tokare shi da dunƙulen kanwa da ya ara a rumfar gaba, sannan ya sunkuya yana hure yashin da ya manne a fentin. Yashin Gure kuwa ba ya jin huri. Da farce ya riƙa cire shi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Mai Allura, yau kuma mi ka kawo mana?" in ji mai igiya, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Maganin tsutsa ne aka shafa ma katako?"

"Hotuna ne. Na fentin mai."

"To, Allah shi kawo kasuwa."

Ya faɗi addu'ar ne da muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Shekarun Ɗan Talata hamsin da biyu. Ashirin da shida daga ciki ya yi su ne a ma'aikatar kula da dabbobi, yana bin rijiyoyi da mashekaran makiyaya da akwatin allura a bayan babur, daga Gamu har bayan Gidigir. Makiyaya da yawa ba su ma san sunansa ba, Mai Allura kawai suke ce masa. Bara wani raƙumi mai baƙin hali ya harbe shi a gwiwa, aka zaunar da shi a buro, wato ofis. Ya yi wata uku yana kallon bango da agogo, ran nan ya rubuta takarda ya ajiye aiki. Sati bai cika ba ya aiki wani direba Damagaram ya sayo masa fentin mai da buroshi, ya sa kafinta ya haɗa masa katakai, ya ɗaure musu farin yadi mai kauri. Tun yana lekwal, makarantar boko, hannunsa ke ƙaiƙayin zane, ya sha bulalar mushe, malaminsu, a kan awakin da yake cika bayan littafinsa da su. Shekara arba'in abin yana kwance bai mutu ba.

Matarsa Yakura ta yi haƙuri, a gaskiya ta yi. Ta haƙura da warin kananzir da yake wanke buroshi da shi, har tuwo ya fara ɗauka. Ta haƙura da farantinta na tangaran da ya zama wurin dama fenti. Ta haƙura da ya kwance gidan sauronsu ya lulluɓe hotuna da shi, wai fentin mai sai ya kwana goma kafin ya bushe, ƙuda kuma ba ya jira. Amma wata takwas ke nan ko ɗaya bai sayar ba. Ya kai su meri, ofishin magajin gari, ya kai su ofisoshin furoje, masu ayyukan raya ƙasa. Ko'ina sai a yaba, a ce wallahi da kyau, a ɗauki hoton hoton da salula, a raka shi bakin ƙofa.

Shi ya sa yayan Yakura, Alhaji Jibirilla, ya taso takanas daga Damagaram. Yana da babban shagon maganin dabbobi, yana neman wanda ya san aikin kuma ba ya ha'inci. Jiya ya zauna a kan tabarma ya yi magana mai daɗi, irin wadda ba ta barin wa mutum ƙofar fita. Ɗan Talata ya roƙi alfarma ɗaya: a bar shi ya kai hotunan kasuwa yau. In kasuwa ta ƙi su, zai shiga motar Alhaji bayan la'asar, ya rufe akwatin fenti har abada. Alhaji ya amince nan take, don ya san kasuwar Gure.

Kasuwar kuwa ba ta ba Alhaji kunya ba. Rana ta take, zafin bazara ya sauko, mutane suna wucewa da buhunan gero da damin kaba. Wata mata ta tsaya ta shafa bayan yadin ta tambaya ko akwai wanda ba a ɓata ba. Wani ya tambaye shi ko yana fentin ƙofar shago. Wani dattijo mai lambu ya daɗe yana kallon hoton kwarin dabino, har Ɗan Talata ya fara sa rai, sai ya ce, "Waɗannan duk maza ne, ba su yin ɗiya," ya wuce abinsa.

Huɗu daga cikin hotunan duk irin wannan ne: tudun yashi, dabinai, faɗuwar rana. Abin da yake zaton ana kira hoto ke nan, don irinsu ya gani rataye a ofisoshi. Na biyar ɗin saniya ce, ja, ita kaɗai a tsaye nesa da rijiya. Don kansa ya zana ta, bai yi niyyar sayarwa ba. Wuri ne ya rage a amalanke, ya ce bari ita ma ta sha iska.

Gab da azahar wani dogon makiyayi ya tsaya sayen igiya. Ya ɗauki ɗaya yana gwada ƙarfinta, ya waiga, sai igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya tako a hankali har gaban hoton saniyar ya durƙusa. Ya kalli kunne, ya kalli cinya, ya kalli ƙaho. Ɗan Talata ya gyara tsayuwa, ya share murya zai yi masa maraba.

Bai ankara ba ya ji an shaƙe wuyan rigarsa.

"Ina take?"

"Wa?"

"Kyalla! Ina ka kai mani Kyalla?" Makiyayin ya waiga wajen mutane. "Jama'a, ku taho ku gani! Wata bakwai ina neman saniyata, ga ta nan hannun mutumen nan!"

Kasuwar da ta yini tana wuce Ɗan Talata kamar ba ta gan shi ba, kan ka ce kwabo ta taru a kansa. Masu kanwa, masu tabarmi, dillalai da sandunansu, har mai shayi ya bar butarsa a wuta. Wani ya ce ai Burahima ne, na wajen Gamu, kowa ya san ya ɓatar da saniya ƙarshen damina. Wani ya ce a kira jandarma. Mai igiya ya ce a'a, maganar dabba ce, a fara kai ta gaban Husseini sarkin dillalai. Mutum biyu suka sungumi hoton.

"Ku kama ta gefen katako!" Ɗan Talata ya yi ihu, ana jansa. "Bai bushe ba! Kada ku sa yatsa!"

Ana zarginsa da satar saniya a tsakiyar kasuwa, shi kuwa yatsun mutane yake tsoro.

Husseini na zaune a kan benci a gindin dogon yaro, bakin kasuwar shanu, tsoho ne mai ƙiba da ba ya gaggawa ko da rumfa na ci da wuta. Aka jingina hoton da gindin itacen. Daidai lokacin Yakura ta iso da kwanon fura, Alhaji Jibirilla na biye da ita cikin farar shadda. Da Alhaji ya ga surukinsa riƙe a hannun makiyayi, sai ya ja hularsa gaba, ya koma bayan mutane. Yakura kuwa dire kwanon ta yi ta kutsa.

"Kai, sake mashi riga! Mutumen da ba ya iya hawa dakali da ƙafar nan, shi zai koro saniya daga daji?"

"Yi haƙuri, Yakura," in ji Husseini. "Burahima, sake shi, ba gudu zai yi ba, kai ma ka ji dalili. To, faɗa mana. Jajayen shanu sun cika duniya. Mi ya sa ka ce wannan taka ce?"

Burahima ya tsuguna gaban hoton ya miƙa yatsa.

"Kada ka taɓa," in ji Ɗan Talata.

Burahima ya janye yatsan kaɗan, bai ko waiwayo ba. "Ga farin da ya ratsa cikinta, shi ya sa muke ce mata Kyalla. Ga shaidar gidanmu, tsaga biyu a kunnen dama, ta sama ta fi tsawo, don hannun babana ya goce ran da ya yi ta. Ga tabon cinya, kura ce ta kama ta tana maraƙa, ni na ƙwace ta. Dubi yadda take sauke kafaɗar hagu in ta tsaya. Uwarta ma haka take tsayuwa."

Dillalai suka matso suna leƙe. Su da ke gane saniya daga tafiyarta, suka shiga gyaɗa kai.

"Mai Allura ya yi shekaru yana yi ma dabbobinku allura," in ji Husseini. "Hala tun can ya san ta."

"Haka ne da sai in yi shiru, Sarki. Amma dubi ƙahon hagu. Kansa a karye yake. Ran da ruwa da iska suka watsa mana garke, ƙahonta biyu lahiya lau suke. Wanda ya yi wannan hoto ya gan ta bayan ta ɓace."

Yakura ta juya ta kalli mijinta, karo na farko da tsoro a idonta. Ɗan Talata ma tsoro ya kama shi. Ya san abin da satar dabba take a ƙasar nan. Ko an wanke mutum, sunan ba ya fita, har jikokinsa sai an nuna su da baki.

Amma a ƙarƙashin tsoron sai ya ji wani abu yana tasowa, mai ɗumi, wanda ya kasa dannewa. Wata takwas mutane suna kallon aikinsa suna cewa da kyau. Wannan mutumin bai ce da kyau ba. Bai ma ce saniya ba. Sunanta ya kira. Ya ga kafaɗar da Ɗan Talata ya kwana uku yana gogewa yana sakewa, ya gane har uwarta a ciki. Farin ciki ya cika shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifa masa ɗan fari, ya rasa inda zai sa shi, sai ya fashe da dariya.

"Dariya ma kake yi?" Burahima ya miƙe.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Wallahi ba kai nake ma dariya ba." Ya share ido da hannun riga. "Gaskiyarka, na gan ta. Wata biyu ke nan. Na shiga motar kasuwa na tahi wani kwari bayan Gidigir, inda ake rogo, don in zana dabinai. Sai garke ya sauko shan ruwa. Duk suka yi rijiya, ita ta tsaya can gefe. In ta matso sai su tunkuɗe ta. Sai da kowa ya sha ya ƙoshi sannan ta samu. Na ajiye dabinai na ɗauki fensir na zana ta, don ta ba ni tausai."

"Shekara ashirin da shida kana aikin dabba," in ji Husseini, "ba ka gane baƙuwa ce a garken ba?"

Ɗan Talata ya sunkuyar da kai. "Da da allura na je, Sarki, da na tambaya. Ran nan tsayuwarta kaɗai na gani."

Bai faɗa musu sauran ba. Bai ce a lokacin shi ma haka yake jin kansa a gari ba, tsaye a gefe, abokan aikinsa na da suna gaishe shi daga nesa.

Husseini ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar salula da aka ɗaure da roba. Babu bulaman da ba shi da lambarsa daga nan har iyaka. Ya kira Bulama, maigarin kwarin, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Aka yi gaisuwa da Barbarci, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi rogo, Burahima na tsaye yana murza hannu kamar zai haɗiye wayar. Can dai Husseini ya juya Hausa ya kawo maganar.

"Ja mai farin ciki?" in ji muryar Bulama, tana yankewa tana dawowa. "Tsaga biyu a kunne? Tana nan. Ƙarshen damina ta biyo garken wani makiyayinmu, Fadilu. Ya kawo mani ita, na ce shi riƙe amana. Sau uku muka yi cigiya a kasuwar Gidigir, ba wanda ya zo. Ƙahon wajen faɗa da shanunsa ta karya shi. Ku ce ma mai ita ya taho da shaidu biyu. Kuma ya taho da igiya biyu, don ta haihu. Mace."

Kasuwar shanu ta ɗauki kabbara. Burahima ya yi arewa da nemansa, har ƙafarsa ta fashe, ashe ita kudu ta yi. Ya zube a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na girgiza. Da ya ɗago, gaban Ɗan Talata ya matsa, ya kama gefen rigar da ya yamutsa ɗazu yana miƙar da ita da tafin hannu.

"Na ci mutuncinka gaban jama'a, Mai Allura. Gaban jama'a nake roƙo ka yahe mani."

"Na yahe. Ai kai ne mutum na farko da ya kalli aikina."

"Sayar mani da shi. Ina da rago can a turke, fari, ka je ka duba haƙoransa da kanka."

"Mi za ka yi da hoto," in ji Husseini, "ga saniya ka samu har da riba?"

"Wannan ba ta ɓacewa, Sarki."

Aka kwashe da dariya. Ɗan Talata ya ce ya sallama, amma sai kasuwa mai zuwa za a ɗauka, in ya bushe. Yakura ta ɗauko kwanon furarta ta miƙa masa da hannu biyu a gaban kowa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, tana harare-hararen mutane kamar ita ta zana saniyar.

Daga nan fa aka yanyame shi. Wannan na son a yi masa raƙuminsa, wancan bijiminsa kafin ya sayar. Hotunan dabinai na can bakin rumfar masu igiya, iska ta sake kifar da biyu, babu wanda ya tuna da su, har mai su. Wani dillali mai baƙin tabarau ya ɗaga salularsa ya ce shi bai ga abin rububi ba, ga abin da ke ɗaukar saniya kyauta, kuma ba a jiran ya bushe. Wasu suka ce wannan ma gaskiya ne. Alhaji Jibirilla ya ga ƙofa ta buɗe, ya fito daga bayan mutane ya dafa kafaɗar surukinsa.

"Alhamdu lillahi, an wanke ka. Rago ɗaya kuma ba sana'a ba ne, kai ma ka sani. La'asar ta kusa, direba na jira."

Kafin Ɗan Talata ya buɗe baki, wata tsohuwa ta ja hannun rigarsa. Ya Habsu ce, mai sayar da man shanu a bakin kasuwa, wadda yanzu sai ta saya wajen wasu take sayarwa. Ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa.

"Wushe, sannu ɗana. Ni nawa ba ya nan balle a ɗauke shi da waya. Shekarar da fari ya share mu ya tahi, shi ne na ƙarshe a garkenmu. Ko fatarsa ba ta rage mani ba. Kana iya yin wanda ba ya nan?"

Ya dube ta da kyau. Shekaru sun canja ta, amma ya tuna mashekarinsu, arewa da Gamu, da mijinta marigayi mai yawan gardama a kan allura.

"Baƙin bijimin nan mai farar wutsiya? Mai tozo ya kwanta dama? Wanda ya taka mani ƙafa a bakin rijiya, ya ƙi ɗagawa sai da kika zo kika yi mashi magana a kunne?"

Tsohuwar ta rufe baki da hannu. Hawaye suka bi ramukan fuskarta, tana dariya tana kuka. Mai tabarau ya mayar da salularsa aljihu.

"Shi ne," ta ce. "Wayyo, shi ne. Ina da 'yar akuya, in ba ka. Amma ɗana, kada ka sa shi bakin rijiya kamar waccan. Ya yi jiran ruwa ya isa. Da yunwa ya mutu, kansa a cinyata. Ka sa mani shi cikin ciyawa. Har gwiwa."

"Har ƙirji, Ya Habsu."

Ya tsuguna da ƙyar saboda ƙafar, ya buɗe akwatin fentinsa ya shiga bincike. Baƙi na nan, fari na nan. Ya ɗauko na kore, ya matsa shi tun daga gindi har wuya, ɗan ɗigo ne ya fito. Ya juya shi a hannu, sannan ya ɗaga kai ya dubi yayan matarsa, wanda ke tsaye yana duba agogo.

"Alhaji, Allah shi kai ku lahiya. In kun isa Damagaram, don Allah a ba direba koren fenti ya kawo mani." Ya miƙa masa wanda ya ƙare don kada a yi kuskuren iri. "Babba za a sayo. Ciyawar da yawa."